ƘARAMAR HUKUMA DA ARZIKIN ƘASAR YAURI

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai, a garin Yelwa



Da farko ina miƙa godiyata ga kwamitin shirya taro saboda wannan dama da ya ba ni. Ba ƙaramin nauyi ba ne mutum ya miƙe ya yi jawabi a gaban waɗanda suka koya masa rubutun wasiƙa da lissafin riba da faɗuwa, balle ma da na hango wasunsu har yau da jan biro a aljihun gaba. Allah ya saka musu da alheri, waɗanda suka riga mu gidan gaskiya kuma Allah ya ji ƙansu.

An ce in yi magana a kan aikin ƙaramar hukuma wajen bunƙasa tattalin arziki, tun bayan da aka sauko da mulki kusa da jama'a. Zan tsaya ne a kan ƙananan hukumominmu uku, wato Yauri da Ngaski da Shanga, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Maganata kuwa guda ɗaya ce. Arzikin ƙasar nan yana zubewa ne a kan hanyarsa daga gona ko bakin ruwa zuwa kasuwa, kuma wannan hanya ita ce gonar da doka ta yanka wa ƙaramar hukuma. In ta nome ta, za mu ga canji a aljihun jama'a. In kuwa ta bar ta ta zama saura, ko nawa aka turo daga Abuja, albashi kawai za a biya a watse.

DAGA EN'E ZUWA SAKATARIYA

Iyayenmu da ke zaune a nan sun san zamanin En'e. A wancan lokaci En'en Yauri, ko da yake ƙarama ce in an gwada ta da ta Sakkwato ko ta Gwandu, tana da baitulmalinta da 'yan dokarta da gidan yarinta da kotunan alƙalanta, tana kuma riƙe da makarantun elementare da ɗakunan shan magani. Kuɗin da take aiki da su daga hannun talakawanta suke fitowa, wato haraji da jangali da kuɗin kasuwa da na kotu. Ba yabon wancan zamani nake yi baki ɗaya ba, don talaka ya sha wuya a hannun masu karɓar haraji, kuma ba shi da bakin magana. Abin da nake so mu riƙe shi ne, hukumar da ke ci daga gumin manomi tilas ta damu da yadda damina ta kaya.

A zamanin Janar Yakubu Gowon aka karɓe 'yan doka da gidajen yari da kotuna daga hannun En'e. Sa'an nan a 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta yi wa ƙananan hukumomi gyaran fuska, ta sa su bisa tsari iri ɗaya a ƙasa baki ɗaya. Aka kafa guda 301, aka ce su ne mataki na uku na gwamnati, kowacce da majalisarta da kasonta daga asusun tarayya, sarakuna kuma suka koma iyayen ƙasa masu ba da shawara. Daga nan yawansu ya yi ta ƙaruwa, har ya kai 589 a 1991, ya kai 774 a 1996.

Mu ma abin ya zo ta kanmu. Ranar 27 ga Agusta 1991 aka fitar da Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato. Ƙaramar hukumar Yauri kuma, wadda a da ita kaɗai ce a masarautar, ta haifi Ngaski mai hedkwata a Wara, daga baya ta haifi Shanga a 1996. A ƙidayar 2006 an lissafa mutanen Yauri kusan dubu 100, na Ngaski da na Shanga kuma kowacce wajen dubu 125. Hujjar duk wannan rabe-rabe guda ce, wai mutumin Libata ko Utono ko Atuwo ya daina doguwar tafiya kafin ya ga hukuma. To sakatariya dai ta matso kusa, wannan ba musu. Tambayar da ta rage, bayan shekara kusan hamsin da gyaran 1976, ita ce ko arziki ma ya matso.

KUƊIN DA HANNUN DA KE RIƘE DA SU

A farkon shekarun 1980 kason ƙananan hukumomi daga asusun tarayya kashi 10 ne cikin ɗari. Gwamnatin Janar Babangida ta ɗaga shi zuwa 15, sa'an nan zuwa 20 a 1992. Yau kashi 20.60 ne, ban da kashi 35 cikin ɗari na harajin kayan masarufi da ake kira VAT. Don mu gane girman wannan kaso, mu dubi Ghana, inda tsarin mulkinsu na 1992 ya ce a ware wa majalisun gundumomi aƙalla kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa. Ashe ke nan a takarda ba mu da abin kuka. Rigimar duka a kan hannun da ke riƙe da kuɗin take, kuma mun gwada hannu biyu.

Na farko a zamanin Babangida, lokacin da aka riƙa turo wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. A 1991 aka damƙa musu ilimin firamare kacokan, har da biyan malamai. Iyayenmu malamai ba su manta abin da ya biyo baya ba. A sassa da yawa na ƙasar nan malaman firamare sun yi watanni ba albashi, yajin aiki ya yi yawa, har a 1993 aka dawo da hukumar ilimin firamare ta ƙasa don ta ceto lamarin. Darasi na farko ke nan: kuɗi kai tsaye, in ba idon da ke binsu, ba su hana ɓarna.

Na biyu shi ne tsarin mulkin 1999, wanda sashe na 162 a cikinsa ya tanadi asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumominta. Kuɗi sai sun biya ta babban birnin jiha kafin su iso. Kukan da aka yi shekara da shekaru ana yi a duk faɗin Nijeriya shi ne ana yanke su a hanya, kuma gwamnoni da dama sun riƙa rushe zaɓaɓɓun majalisu suna naɗa kantomomi. Wanda aka naɗa kuwa, fuskar wanda ya naɗa shi yake kallo, ba fuskar 'yan kasuwa ba. Darasi na biyu ke nan.

Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Babban Lauyan Tarayya ya kai jihohi 36. Ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓiyar majalisa, kuma kada a ba majalisar da ba zaɓaɓɓiya ba kuɗin tarayya. An yi murna, kuma ya cancanci a yi, ko da yake shekara guda bayan hukuncin ana nan ana ja-in-ja a kan yadda za a aiwatar da shi. Amma 'yan uwa, mu haɗa darussan nan biyu wuri guda. Ko a Birnin Kebbi kuɗin suka kwana, ko a Yelwa, muddin ba wanda ya san nawa suka shigo da inda suka nufa, manomin Dugu ba zai ga bambanci ba.

GONAR DA DOKA TA YANKA MATA

Da yawa daga cikinmu muna zagin ƙaramar hukuma ba tare da mun taɓa karanta ayyukanta ba. Suna nan a jadawali na huɗu na tsarin mulki, kuma ba su fi shafi biyu ba. An ɗora mata gina kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da ban-ɗakunan jama'a da kula da su. An ɗora mata hanyoyin cikin gari da na karkara da magudanan ruwa da kwashe shara. An ba ta rajistar haihuwa da mutuwa da aure, da sa ido a kan kantuna da gidajen abinci da gidajen burodi. An ba ta lasisin kekuna da amalanke da baro da kwale-kwale. An kuma ce ta haɗa hannu da jiha wajen ilimin firamare da na manya da koyar da sana'a, da kiwon lafiya, da bunƙasa noma da albarkatun ƙasa, ban da ma'adinai.

Wani zai ce waɗannan ai ƙananan abubuwa ne. Ni kuwa na ce ku sake duba su da idon mutumin Yauri: kasuwa, tasha, hanyar karkara, kwale-kwale. Ku cire waɗannan huɗu daga rayuwar ƙasar nan, ku gaya mini abin da ya rage. Tun kafin zuwan Turawa arzikin Yauri a kan mashigi yake. Marigayi Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, wanda ya shugabanci Jami'ar Sakkwato, ya yi bincike mai zurfi a kan tarihin wannan masarauta da fataucin Hausawa a Afirka ta Yamma, kuma sananne ne cewa ayarin fataken goro masu zuwa Gwanja suna ratsawa ta wannan yanki su ƙetare Kwara. Ƙasar da take ci da mashigi, wanda ya gyara mashigin shi ya gyara ta.

RUWA: KIFI DA JIRGI

An fara gina madatsar Kainji a 1964, aka gama a 1968. Ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, ya cinye gungaye da fadamu da garuruwa, aka tayar da mutum fiye da dubu 40 aka sake musu matsuguni. 'Yan uwanmu Gungawa, waɗanda suka gaji noman albasa da gero a tsibirai, da Kambari da Lopawa da Shangawa da sauran mazauna gaɓa, su ne suka biya kuɗin wutar da ta haska biranen Nijeriya. Abin da aka bar mana a madadin ƙasar da ta nutse shi ne ruwan kansa. Saboda haka duk ƙaramar hukumar da ta juya wa tafkin nan baya, ta juya wa babban jarinta baya.

Mu fara da kifi. A shekarun farko bayan cikar tafki, kifi ya yi yawa har masunta suka yi ta kwararowa daga nesa. Masu bincike sun ƙiyasta kamun 1971 da wajen tan dubu 28, amma kafin 1978 ya faɗo ƙasa da tan dubu 5. Daga 1993 aka yi wani shiri na haɗin gwiwar Nijeriya da Jamus don farfaɗo da su a tafkin, tare da cibiyar binciken kifi da ke New Bussa. Wannan shiri ya ƙidaya masunta da jiragensu da kayan kamunsu, ya kawo lasisi, ya yaƙi kainuwar da ke toshe ruwa, ya kuma tsaya a kan hana dala, wato tarun nan mai ƙananan ido da ake ja don warangi amma yake kwashe 'ya'yan karfasa da na giwan ruwa tun ba su girma ba. Abin lura shi ne, inda shirin ya ci nasara, ya ci ne ta hannun sarakunan ruwa da hakimai da masuntan kansu. Ma'aikacin da ke zaune a ofis ba zai san wanda ya jefa dala da tsakar dare ba, amma sarkin ruwa ya sani.

Shiri irin wannan yana da ranar ƙarewa, baƙi su naɗe tabarmarsu su tafi. Wadda ba ta tafiya ita ce ƙaramar hukuma. Ita ya kamata ta riƙe rajistar masunta, ta zauna da sarakunan ruwa a keɓe wuraren da kifi ke ƙwai, ta kuma gyara wurin banda. Kowa a nan ya san yadda kifin banda ke lalacewa, wani ya ƙone, wani ƙwari su ci, wani ya farfashe a kwando kafin ya isa Anacha ko Ibadan. Murhun banda mai kyau, da rumfa mai siminti a bakin kwata, da rijiya da ban-ɗaki, ba su kai kuɗin motar alfarma guda ba, amma mata ɗari nawa za su ci abinci a jikinsu?

Sai kuma jirgi. Ranar 26 ga Mayu 2021 wani jirgin ruwa ɗauke da mutum fiye da 150 ya kife kusa da Wara, waɗanda aka ceto da rai ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Jami'ai sun danganta abin da tsufan jirgin da lodi fiye da kima. Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu. Ba shi ne na farko ba, ba kuma shi ne na ƙarshe ba. Na san za a ce kula da manyan hanyoyin ruwa na hukumar tarayya ta NIWA ne, kuma hukumar HYPPADEC, da aka kafa don yankunan da ke samar da wutar ruwa, ta raba rigunan kariya daga nutsewa. Duk mun yarda, mun kuma gode. Amma jirgi daga kwata yake tashi, kwata kuwa a bakin kasuwa take, kasuwa kuma ta ƙaramar hukuma ce. Wanda yake yanka rasit ga mai jirgi ranar kasuwa, me zai hana shi ƙidaya fasinja? Me zai hana a zana wa kowane jirgi layin lodi a jikinsa, a rubuta sunan duk wanda ya shiga, a hana tashi bayan magariba, a kafa alama a wuraren da kututturan itatuwan da ruwa ya binne suke? Wannan magana ce ta rai, kuma magana ce ta arziki, domin matar da ke tsoron shiga jirgi daga Rofia zuwa Zamare ba za ta kawo kayanta kasuwar Yelwa ba.

TUDU DA FADAMA

Allah ya ba mu abin da ƙasashe da yawa ba su da shi. Kogin nan yana cika sau biyu a shekara, farin ruwa na damina da baƙin ruwa da ke isowa cikin hunturu daga ƙasashen Gini da Mali. In tafki ya janye kuma, sai ya bar danshi a gaɓa. Shi ya sa muke da albasa da shinkafa da masara da wake da rogo da kayan miya, damina da rani.

Ku dubi albasa. Kowa tare yake cirewa, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi. Manomi ba shi da rumbu mai iska da zai ajiye, ga bashin taki da na man inji a wuyansa, sai ya sayar a yadda dillali ya ce. Bayan 'yan watanni buhun nan ya ninka kuɗinsa a hannun wani. Ba ƙarancin noma ne ke damun wannan manomi ba, rashin wurin ajiya ne da rashin hanya. Rumbun albasa na haya a manyan kasuwanninmu, wanda ƙungiyar manoma za ta riƙe ta riƙa biyan ƙaramar hukuma, aiki ne da ya fi ƙarfin mutum ɗaya amma bai kai a jira Abuja ba.

Haka shinkafa. A Nuwamba 2015 Shugaba Buhari ya zo jihar nan ya ƙaddamar da shirin ba manoma bashi na Babban Bankin Nijeriya, aka kuma kafa manyan injinan casa a Birnin Kebbi da Argungu. Sunan Kebbi ya fita a shinkafa. Amma buhun da ke ƙauyen da kwalbati ɗaya ya yanke tun watan Agusta bai san an yi wannan suna ba. Babbar hanyar da ta taso daga Jega ta biyo Koko da Yelwa ta wuce Kwantagora ta tarayya ce. Kilomita goma ko sha biyar da ke tsakanin ƙauye da wannan kwalta, su ne namu. Ba kwalta ake nema ba, a zuba marmara, a gyara kwalbati, a riƙa bi da gireda bayan kowace damina. Ciyaman da ya yi wannan kaɗai a zangonsa, ya yi abin da za a daɗe ana tunawa.

Akwai kuma batun ƙasa. Dokar filaye ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar mallaka ta gargajiya a karkara, har hekta 500 don noma, ko hekta 5,000 don kiwo. Wannan iko ne babba da ba mu cika kula da shi ba. Kamfanin GBfoods ya kafa gonar tumatir da masana'antar sarrafa shi a Gafara, cikin Ngaski, wanda ya nuna cewa ruwanmu da ƙasarmu suna iya janyo masu jari daga nesa. Wasu za su biyo baya. Aikin ƙaramar hukuma ne, tare da majalisar masarauta, ta tabbatar duk mai zuwa ya sami fili ba tare da rigima ba, mai gona ya sami haƙƙinsa, kuma 'ya'yanmu sun koyi sana'ar da za a ɗauke su aiki da ita. Ita ce kuma ya kamata ta shata burtali da mashaya ta kare su, domin yawancin faɗan manomi da makiyayi daga toshe hanyar shanu yake farawa, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

RASIT DA AMANA

Tun da Gwamna Abubakar Rimi na Kano da Gwamna Balarabe Musa na Kaduna suka soke haraji da jangali a 1979, wannan tsohuwar hanya ta samun kuɗi ta yi ta shuɗewa a Arewa. Talaka ya huta, amma wata igiya ta tsinke. Hukumar da kuɗinta ke saukowa daga sama duk wata ba ta buƙatar kasuwa ta ci kafin ta biya albashi, talakan da ba a karɓi komai a hannunsa ba kuma ba ya jin yana da ikon tambaya.

Ba cewa nake a dawo da haraji ba. Cewa nake kuɗin da ake karɓa yanzu a kasuwa da tasha da kwata da kara, a karɓe su da rasit na gaskiya, a rubuta jimillarsu a allo a ƙofar kasuwa duk wata, a kuma yanke wani kaso a kashe shi a kasuwar da ya fito. Ɗan kasuwan da ya ga kuɗinsa sun zama rumfa da magudanar ruwa ba zai ɓuya in ya hango mai rasit ba. Wanda kuwa ake tare shi sau uku a hanya ɗaya, kowa da irin takardarsa, zai kai kayansa wata kasuwa ne a ƙetaren ruwa.

ABIN DA BA NATA BA NE

Adalci ne kuma mu faɗi iyakarta. Zinaren da ake haƙa a yankin Birnin Yauri, lasisinsa na tarayya ne. Wutar Kainji ba a hannunta take ba. Soja da 'yan sanda ba nata ba ne, kuma dukkanmu mun san abin da rashin tsaro ya yi wa yankin nan. Ranar 17 ga Yuni 2021, da aka kwashe ɗalibai da malamai a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, ba za ta fita daga zuciyar duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin kwanan makaranta ba. Manomin da ke tsoron zuwa gona ba ya buƙatar rumbu. Bugu da ƙari, kaso mai tsoka na kuɗinta yana tafiya ne a albashin malaman firamare da ma'aikatan lafiya da 'yan fansho, waɗanda haƙƙinsu ne a biya su. Saboda haka abin da ke saura ba shi da yawa, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa bai kamata a ɓarnatar da shi a kan abin da ba ya haihuwa ba.

NAMU AIKIN

'Yan uwa, a ɗakin nan akwai akantoci da injiniyoyi da lauyoyi da likitoci da malaman gona da 'yan jarida. Akwai waɗanda suka yi aikin ƙaramar hukuma har suka yi ritaya. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, mu kuwa da kuɗin masunta da manoman ƙasar nan aka karantar da mu. Ina ba wannan ƙungiya shawara biyar.

Na ɗaya, mu kafa ƙaramin kwamiti da zai riƙa ɗauko alƙaluman kason Yauri da Ngaski da Shanga duk wata. Ba sirri ba ne, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana buga su a intanet. A fassara su da Hausa, a sa a wannan mujalla tamu da zaurukanmu na WhatsApp, ba zagi, ba ƙari.

Na biyu, mu riƙa neman kwafin kasafin kuɗi da jerin ayyukan kowace mazaɓa, mu halarci zaman majalisa. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa wannan dama. Mu tafi da ladabi, amma mu tafi.

Na uku, mu roƙi ciyamomin uku da majalisar masarauta su kafa zama na dindindin a kan tafki, su gayyato maƙwabtanmu na Borgu da Agwara da Magama a Jihar Neja. Kifi bai san iyakar ƙaramar hukuma ba, jirgi kuma yana tashi a wata jiha ya sauka a wata. In an hana dala a gaɓa ɗaya aka bar ta a ɗayar, an yi aikin banza.

Na huɗu, masu sana'a a cikinmu su ba da lokacinsu kyauta. Injiniya ya duba kwalbati kafin a biya ɗan kwangila, akanta ya koya wa ƙungiyar mata masu banda riƙe littafi, lauya ya karanta wa ƙauye takardar fili kafin a dangwala hannu.

Na biyar, mu daina raina kujerar kansila. Hausawa sun ce, ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. Kowa idonsa na kan Abuja da Birnin Kebbi, alhali kujerar da ke yanke shawara a kan kasuwar garinsu an bar ta ga wanda ya fi kowa rashin abin yi. Masu hali da gaskiya a cikinmu su fito takara, sauran kuma mu fito ranar zaɓe.

KAMMALAWA

Mai girma shugaban taro, an ba mu hukuma a ƙofar gida tun 1976, an ƙara matso da ita a 1991 da 1996, Kotun Ƙoli kuma ta ce a ba ta kuɗinta a 2024. Abin da doka da kotu ba za su iya ba mu ba shi ne jama'ar da za ta tsaya ta tambaya. Ina roƙon kafin mu tashi a yau a rubuta sunayen 'yan kwamitin farko, a kuma sa ranar da za su kawo mana rahoto, don kada taron baɗi ya same mu muna maimaita wannan magana.

Allah ya ja zamanin Mai Martaba Sarki, ya ƙara wa malamanmu lafiya, ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, ya zaunar da ƙasar Yauri da Jihar Kebbi da Nijeriya lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya, na tudu da na ruwa.